WANZAMI DA LIKITAN FIƊA: TUSHENSU ƊAYA, TO A INA AKA RABU?

A filinmu na tarihi na wannan fitowa mun ɗauko wata tsohuwar kalma ta Turanci wadda su kansu Turawan Ingila sun daɗe da jingine ta, za mu bi sawunta mu ga inda za ta kai mu. Kada wani ya ce ina ruwan Bahaushen Wambai da mataccen Turanci, alhali mai ran ma bai gama ƙoshi da shi ba. A yi haƙuri a biyo mu, domin kalmar nan za ta zagaya da mu Girka da Andalus da Landan, daga nan ta dire mu a ƙofar gidajenmu, wurin mutumin nan da ke sallama da sassafe ran suna, rataye da zabira. Kuma maganar ba ta nishaɗi kaɗai ba ce, ta shafi jinin jariranmu da lafiyar matanmu.

KALMAR DA ASALINTA

Kalmar ita ce "chirurgeon". Haka Turawan Ingila na ƙarni na 16 da na 17 suka riƙa rubuta sunan likitan da ke yanka jikin mutum don ya yi masa magani, wanda a yau suke ce wa "surgeon", mu kuma muke ce masa likitan fiɗa ko likitan tiyata. Tushenta daga Girkanci ne, inda aka haɗa kalmomi biyu: "kheir", wato hannu, da "ergon", wato aiki. Ma'anarta ke nan mai aikin hannu. Rumawa suka ara daga Girkawa, Faransawa suka gada daga Rumawa, daga bakin Faransawa kuma ta tsallaka Ingila.

Wani abin ban sha'awa shi ne, gajeriyar kalmar ta riga doguwar zama a Ingila. Tun wajen shekarar 1300 mutanen can suka tauna ta, suka rage mata tsawo yadda za ta yi daɗin faɗa, kamar dai yadda mu ma muka mai da Abubakar ya koma Bukar ko Habu. Sai daga baya, da masu ilmin Turai suka koma nazarin littattafan Girkawa da Rumawa, suka ga ai kalmar ta yi nisa da gida, suka maido mata da haruffanta na asali don a san su malamai ne. Likitan Sarki Charles na 2, mai suna Richard Wiseman, da wannan doguwar siffa ya sa wa littafinsa na fiɗa suna a 1676. Amma bakin talaka ya fi alƙalamin malami ƙarfi, gajeriyar ce ta ci kasuwa, doguwar ta koma cikin tsofaffin takardu.

Duk da haka ba ta mutu murus ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai waɗanda suka yi karatun Faransanci har gobe "chirurgien" suke ji ana kiran likitan fiɗa. Haka nan in ka ga likita ya jera haruffan MB ChB a bayan sunansa, kamar yadda jami'ar Ife da jami'o'in Gana ke bayarwa, to wannan "Ch" ɗin gutsuren tsohuwar kalmar ce.

Me ya sa aka kira shi mai aikin hannu? Domin tun zamanin Girkawa an raba magani gida-gida. Akwai mai duba majiyyaci ya faɗi abin da zai ci da abin da zai sha, akwai kuma wanda zai zare hannun riga ya taɓa jini da mugunya. Rantsuwar nan ta likitoci da ake dangantawa ga Hippocrates ma ta sa likita ya yi alkawarin ba zai tsaga mai tsakuwar mafitsara ba, zai bar wa masu wannan sana'a. Tun daga nan aka fara ɗaukar mai littafi a sama, mai wuƙa a ƙasa.

MALAMIN ƘURƊUBA

Kafin mu shiga Turai ta Kiristoci, ya kamata mu tsaya a Andalus, lokacin da take hannun Musulmi. A can aka yi Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda aka haifa wajen 936 a kusa da birnin Ƙurɗuba, ya rasu wajen 1013. Ya wallafa wani babban littafi mai suna At-Tasrif mai kashi 30, kashi na ƙarshe kuwa a kan fiɗa yake, kuma abin da ya kira wannan fanni da Larabci ma'anarsa daidai take da ta Girkawa, wato aiki da hannu. A ciki ya zana hoton kayan aiki wajen 200, ya bayyana yadda ake amfani da kowanne.

In Bahaushe ya duba babukan wannan kashi sai ya ga kamar an zazzage masa zabira a gabansa. Akwai babin ƙaho, akwai na kaciya, akwai na cire haƙori, akwai na sakiya, akwai na lalas, akwai na ɗori, har da na belun da ya kumbura. Sai dai malamin ya kafa sharaɗi tun a gabatarwa: kada wanda bai san yadda Allah ya tsara jijiyoyi da gaɓoɓin jiki ba ya ɗauki wuƙa, domin zai kashe mutane. Shi ne kuma ya ba da labarin wasu mutane da mazansu ke mutuwa saboda jini ya ƙi tsayawa bayan ɗan ƙaramin rauni, cutar da likitoci suka tabbatar daga baya cewa gadonta ake yi. A ƙarni na 12 wani Bature mai suna Gerard na Cremona ya fassara wannan kashi zuwa Latin a birnin Toledo, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna koyo daga gare shi.

A Musulunci dai ba a ƙyamaci wannan aiki ba. Ya tabbata a littattafan hadisi cewa an yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙaho, wani mai suna Abu Ɗaiba ya yi masa, kuma ya biya shi ladan aikinsa. Mai yin ƙaho da Larabci shi ne "hajjam". A riƙe wannan kalma, za mu dawo kanta.

WANZAMAN TURAI

A Turai ta wancan zamani ilmi yana hannun malaman coci ne. To a shekarar 1215 babban taron coci da aka yi a birnin Rum ya hana manyan limamansu yin duk wani aikin magani da ya ƙunshi yanka ko lalas. Jami'o'i kuma suka riƙa yaye likitoci masu jin Latin waɗanda ke ganin taɓa ciwo da hannu ƙasƙanci ne. To wa zai yi? Sai aka waiwayi mutumin da ya riga ya mallaki kaifi kuma hannunsa ba ya rawa, wato mai aski. Shi ke nan, mai aski ya zama mai tsaga jijiya a zubar da jini, mai yin ƙaho, mai cire haƙori, mai fasa maruru, a fagen yaƙi kuma shi ke yanke ƙafar da ta lalace. In wannan ba wanzami ba ne, to mene ne shi?

Su ma can imaninsu shi ne yawancin cuta daga gurɓataccen jini take, sai an rage shi a sami sauƙi. Wannan tunani bai tsaya ga talakawa ba. Shugaban Amurka na farko, George Washington, da ciwon maƙogwaro ya kama shi a watan Disamba na 1799, an zubar masa da jini fiye da lita 2 cikin yini guda, kuma a daren ya cika. Sandar nan mai ratsin ja da fari da ake kafawa a ƙofar shagon aski, wadda yaranmu masu askin zamani ke kwaikwaya ba tare da sanin ma'anarta ba, alamar wancan aiki ce: ja jini ne, fari kuwa ƙyallen ɗaure rauni.

A birnin Faris har da tufafi aka bambanta su. Masu fiɗa da suka yi karatu su ne masu doguwar riga, wanzamai kuma masu gajeriyar riga, kullum ana 'yar tsama. Amma ikon Allah, wanda ya fi kowa suna a cikinsu daga masu gajeriyar riga ya fito. Sunansa Ambroise Paré, ya rasu a 1590, bai yi karatun Latin ba, a hannun mai aski ya koyi sana'a. A zamaninsa in harsashi ya sami soja, tafasasshen mai ake kwarara wa a raunin, wai don a kashe dafin albarushi. A wani yaƙi a ƙasar Italiya a 1537 man ya ƙare masa, dole ta sa ya haɗa gwaiduwar ƙwai da man wardi da man ƙaron wani itace ya shafa wa sauran. Da gari ya waye sai ya tarar waɗanda aka ƙona da mai suna ta fama da zazzaɓi da raɗaɗi, waɗancan kuwa sun yi barcinsu. Daga ranar ya bar ƙona mutane, kuma ya rubuta abin da ya gani da Faransanci don sauran wanzamai su karanta. Ya yi wa sarakunan Faransa 4 aiki.

A Biritaniya kuwa da ƙungiya aka fara. A 1505 hukumar birnin Edinbara ta ba wanzamai da masu fiɗa takardar izni, da sharaɗin duk wanda zai shiga sana'ar sai ya iya karatu da rubutu, ya san sassan jiki, kuma an jarraba shi. A 1540 Sarki Henry na 8 ya haɗa masu aski da masu fiɗa na Landan a ƙungiya ɗaya, aka ba su gawar mutum 4 daga waɗanda shari'a ta kashe a kowace shekara don su buɗe su koyi yadda ciki yake. Dokar ta kuma shata iyaka: mai aski kada ya wuce cire haƙori, mai fiɗa kada ya yi aski. Zaman ya kai shekara 205, sai a 1745 masu fiɗa suka ɓalle, a 1800 kuma ƙungiyarsu ta zama kwaleji da yardar sarki. Har yau a Ingila in likita ya ƙware a fiɗa sai ya ajiye laƙabin Dokta ya koma Mista, don tunawa da kakanninsa na sana'a waɗanda ba su da digiri. Abin da aka raina jiya ya zama abin tinƙaho.

NAMU WANZAMIN

To mu dawo gida. Wasu masu nazarin harshe suna danganta kalmar "wanzami" da waccan ta Larabci, "hajjam", suna ganin ta biyo ayarin Sahara ne tana sauya kama a bakunan mutane kafin ta iso mu. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ba mu kaɗai ke da ita ba. Barebari na cewa wanzam, Zabarmawa ma haka. Nufawa maƙwabtanmu kuwa gozan suke ce wa nasu, aikin dai shi ne.

Wanzanci a ƙasar Hausa gado ne. Yaro na tashi yana bin mahaifinsa da zabira, ya fara da wasa aska da jiƙa kai, sannan a bar shi ya aske yara, sannu a hankali har a sakar masa manyan ayyuka. A cikin zabirar akwai asake iri-iri, ta aski daban, ta tsaga daban, ta kaciya daban, ga almakashi, ga hantsaki, ga ƙahoni, ga ƙunshin magunguna. Ayyukansa kuwa sun haɗa da aski da gyaran fuska, da ƙaho, da kaciya, da sakiya a fitar da mugunya, da cire haƙori, da yanke linzamin yaron da harshensa ya ɗaure, da cire yatsan cindo, da cire belu, da tsagar gado irin su bille da 'yan baka, da jarfa ta kwalliya.

Dubi ƙaho kawai ka ga gwaninta. Zai jiƙa wurin, ya kafa ƙahon ya zuƙe iska ta ɗan ramin da ke tsininsa, ya toshe da jijiyar da ke bakinsa. In fata ta taso sai ya cire, ya yi 'yan tsage-tsage da kaifin aska, ya mayar ya sake zuƙa. Can an jima ya ɓalle ya juye gudan jinin a ƙasa, ya nuna wa mai shi ya ce ga mataccen jinin da ke damunka. Kaciya kuma a da ba a yi wa jariri, sai yaro ya kai shekara 7 ko fiye, a tara sa'o'i a yi masu lokacin ɗari, don an lura rauni ya fi saurin bushewa kuma bai cika ruɓa ba. A barbaɗa garin bagaruwa, a sa kara tsakanin gwiwoyi kada cinyoyi su haɗu, a yi ta ɗura masu kaji da fura har su warke. Wannan duk ilmi ne da aka tara ta hanyar lura, ko da yake ba a rubuta shi ba.

Ba kuma shi kaɗai ke aikin hannu ba. Karaya ta maɗori ce, haihuwa ta ungozoma, ƙuna ta maƙera, ƙayar kifi in ta maƙale a wuya sai sarkawa. Kowa da gonarsa. Malamai su ma sun yi rubutu a kan magani, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar littattafai a kan ciwon ido da basir. Ka ga mu ma muna da masu doguwar riga da masu gajeriya.

A fadojin ƙasar Hausa akwai sarautar Sarkin Aska, shi ne shugaban wanzamai, shi ke sasanta su, shi ke yi wa sarki aski. A tsaya a yi tunani: duk faɗin ƙasa mutum ɗaya ne zai ɗora kaifi a maƙogwaron sarki, dogarai na kallo ba mai cewa uffan. Wace amana ta fi wannan? Kuma kowane gida da wanzaminsa, wanda ya aske uba shi ko ɗansa zai aske jika, ran suna yana da kasonsa na nama da goro da hatsi da kuɗi. Har cikin karin maganarmu ya shiga, muna cewa wanzami ba ya son jarfa, in aiki ya zo ƙarshe wurin da ya fi wuya kuma mu ce aski ya zo gaban goshi.

DUK INDA BAHAUSHE YA SAUKA

Mu mazauna wannan gari mun fi kowa sanin cewa Bahaushe ba ya ƙaura ya bar wanzaminsa. Garin nan kansa ƙaura ce ta haife shi. Da rundunar Jihadi ƙarƙashin Malam Musa ta ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Zuba, ya yi ta gwagwarmaya har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828. Sun zo da sarautunsu na Zazzau, Madawaki da Galadima da Dallatu da Wambai, wadda unguwarmu ke amsa sunanta. Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin wannan ƙaura da al'adun mutanenta, aka buga fassararsa ta Turanci a 1952. Bayan dokar 1976 da ta kafa sabon babban birnin tarayya, aka ba shi sunan Abuja, garinmu ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau.

Jama'ar da ta zauna a tsakiyar Gwari da Koro, tana haihuwa tana raɗin suna, tana son a san 'ya'yanta Musulmi ne kuma a san gidan da suka fito, ba yadda za ta yi ba tare da mai aska ba. A zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi, tsagar fuska ita ce takardar shaida, da ita ake gane ɗan gida in ya ɓace. Haka abin yake a sauran zangunan Hausawa. A Kumasi da Tamale da Ankara ta Gana, wanzaman zango sun yi suna har kalmar "wanzam" ta shiga bakin mutanen ƙasar, da ita suke kiran mai kaciyar gargajiya ko da ba Bahaushe ba ne. Mu da muka zo daga baya, daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, musamman bayan gwamnati ta taso daga Legas a 1991, kowa ya tarar da wanzami ko ya zo da nasa.

ZUWAN ASIBITI

Da Turawa suka ci ƙasar nan, suka shigo Abuja a 1902, sun zo da kalmominsu, bakinmu ya tauna su kamar yadda na Ingila ya tauna ta Faransa. Daga sunan da suke kiran mai magani muka sami "likita", daga na gidan jinya muka sami "asibiti", daga na ɗakin da ake yanka kuma muka sami "tiyata". Amma da kakanninmu suka ga abin da ake yi a ɗakin, sai suka laƙaba masa tasu kalmar ta mahauta, suka ce fiɗa, kamar yadda ake feɗe akuya. Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna irin tsoron da aka yi wa abin da farko.

Likita na farko ɗan Arewa Bazazzage ne, Dokta Russell Aliyu Barau Dikko, haifaffen Wusasa a 1912, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Ya yi karatu a jami'ar Bamingham ta Ingila, ɗaya daga masu ba da digirin nan na MB ChB. Ashe tsohuwar kalmar da muka faro da ita ta daɗe da shigowa ƙasar Zazzau.

A INA AKA RABU?

In mun auna da adalci, wanzamin Landan na 1600 bai fi na Kano ko na Zariya iya riƙe aska ba. Abubuwa huɗu suka canza tafiyar. Na ɗaya rubutu, abin da Paré ya gani ya rubuta, na bayansa ya ɗora a kai, mu kuwa sirri ake yi, tsoho ya mutu da rabin abin da ya sani. Na biyu jarrabawa da sanin cikin jiki. Na uku maganin sa barci, wanda aka fara nuna aikinsa a bainar likitoci a birnin Boston ran 16 ga Oktoba 1846. Na huɗu kuma, wanda ya fi duka, gano ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. A 1867 Joseph Lister na Gilasgo ya bayyana yadda wanke rauni da kayan aiki da sinadarin kabolik ya rage mace-macen waɗanda aka yi wa fiɗa. Kafin nan asibitin Turai kansa mahallaka ce.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Jaririn da aka haifa da nauyin kilo 3, duk jinin jikinsa bai wuce rubu'in lita ba, wato bai cika kwalbar lemo ɗaya ba, kuma a makon farko jininsa bai gama ƙarfin daskarewa ba. To a wannan makon ne muke miƙa shi a yanke masa belu. Likitoci sun tabbatar belu halitta ce da Allah ya yi wa kowa, ba cuta ba ce, yanke shi kuwa na jawo zubar jini da ruɓa da tatanas mai sarƙe haƙora. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 da ranta a jikin ƙarfen da jini ya bushe a kai. Ƙanjamau kuma, wanda aka fara ba da rahotonsa a Nijeriya a 1986, shi ma ta jini yake bi. Aska ɗaya a kan yara goma, ai ka ji inda matsalar take.

Na mata ya fi muni. A wani bincike da aka buga a 1983 kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, an samu 13 cikin 100 yankan gishiri ne ya jawo masu. Waɗannan 'ya'yan wasu ne, an kai su neman sauƙi aka dawo da su da lalurar da ta raba su da mazajensu. Yanzu ma hukuma ta sa baki: dokar tarayya ta kare haƙƙin yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko jarfa, wata dokar ta 2015 kuma ta haramta kaciyar mata.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba muna cewa a kori wanzami ba ne. Wanda ya riƙe amanar gidajenmu tun daga Zazzau har nan ya fi ƙarfin a yi masa butulci, kuma talaka ya fi sakewa da shi bisa ga layin asibiti. Darasin da ke cikin tarihin nan shi ne, wanzaman Turai sun ɗaukaka ne ranar da suka yarda a shata masu iyaka, a koya masu, a jarraba su. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Saboda haka muna ba iyaye shawara. In za a yi askin suna ko kaciya ko ƙaho, maigida ya sayi sabuwar reza da kansa, a ɓare ta a gabansa, kowane yaro da tasa. Abin da ba a iya yarwa a tafasa shi sosai, goge shi da tsumma ko toka ba ya kashe komai. Kafin kaciya a bincika, in an taɓa samun namiji a dangin uwa wanda jini ya ƙi tsaya masa, to asibiti za a nufa. A kai jariri rigakafi tun ranar haihuwa, domin allurar ciwon hanta tana cikin waɗanda ake yi wa yara a ƙasar nan tun 2004. Belu da angurya da yankan gishiri kuwa a bar su gaba ɗaya, mace in naƙuda ta yi tsawo a kai ta asibiti tun da sauran ƙarfinta. Iyayenmu mata da kakanni, ku ne masu faɗa a ji a ɗakin mai jego, wannan magana taku ce.

Ga shugabannin ƙungiyarmu kuma, muna roƙon a gayyato dattawan wanzamai na unguwa da ma'aikatan lafiya a zauna a tabarma ɗaya, cikin girmamawa, ba don a ci fuskar kowa ba. A kuma sa ɗalibanmu su zauna da tsofaffin su rubuta sunayen kayan aiki da itatuwan magani da kirarin sana'ar tun suna raye. 'Ya'yan gidan wanzamai kuwa a dage a tura su makarantun jinya da na likita, domin hannun da ya gaji aska shekara da shekaru, in ya haɗu da ilmi, ba ƙaramin likitan fiɗa za a yi ba.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya raya mana zuri'a, ya ba mu lafiya da zama lafiya a wannan gari namu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.